Buhu Mai Jan Zare

Ranar da aka binne Kawu, takalma sun cika ƙofar gidansa na Perry Barr a Birmingham har sai da aka riƙa jera su a kan matakala. Mu mutanen Manchester mota huɗu muka yi. Maza a falo, mata a kicin da ɗakin sama, kowa ya shigo da sanyin watan Janairu a jikin rigarsa. Wani dattijo likita, abokin Kawu tun suna samari a Zariya, sai maimaitawa yake yi, "Bara fa mutumin nan ya yi mini tatas a kan na sayi ragon layya ban duba haƙoransa ba." Ya faɗa ya yi dariya, dariyar ta kai rabi ta koma kuka, aka miƙa masa ruwa.

Taubashiyata, 'yar Kawu tilo, wadda ke aikin jinya, ita ke zagawa da shayi. Tun muna yara ba mu taɓa haɗuwa ba ta tsokane ni ba. Ranar sai ta ajiye mini kofi ta wuce, ko kallona ba ta yi ba, kuma wannan ya fi kukan mutane taɓa ni.

Bayan la'asar aka ƙwanƙwasa ƙofa. Baturen da ya ara wa Kawu gona ne, da takalmansa na taɓo, hularsa a hannu. An yi an yi ya shigo, ya ƙi. Ya ce ya zo ne kawai ya ce mutumin kirki ya tafi, kuma tumaki suna nan lafiya. Da ya ba ni hannu sai ya riƙe, ya dube ni fiye da yadda gaisuwa take bukata, sannan ya juya.

Inna, matar Kawu, ba ta yi kuka a gaban mutane ba. Na durƙusa na ce, "Inna, ya haƙuri?"

"Da godiya," in ji ta. Ta ja carbi. "Ɗan nan, ka leƙa gonar kuwa?"

"Na leƙa, Inna."

"To."

Wannan "to" ɗin ya bi ni har Manchester. Gara in faɗa tun yanzu, don kada mai karatu ya ɗauka mutumin kirki ne yake rubuta wannan ta'aziyya. Kawu ya ba ni amanar gonarsa da irinsa, na ɓata, na yi masa ƙarya a kai, kuma ya rasu ban warware ba.

Kawu yayan mahaifiyata ne. Malamin gona ne a gida har ya yi ritaya, kuma abincin dabbobi shi ne fanninsa. Mutum ne da in ya shiga gidanka, kafin ya tambayi lafiyar yara sai ya tambayi me akuyarka ta ci. Da 'yarsa ta ɗauko su shi da Inna zuwa Birmingham, shekarar farko mun ɗauka ba zai kai ta biyu ba. Yana zaune gaban talabijin da hula da safa, ya rame, ya daina faɗa. Duk wanda ya san Kawu ya san in ya daina faɗa to ba lafiya.

Abin da ya tashe shi rigima ce. An je sayen ragunan layya a wata gona arewa da gari, aka tafi da shi don ya sha iska. Ana ciniki sai ya ɓace. Aka same shi a rumbun mai gonar ya zura hannu cikin ingirici, wato busasshiyar ciyawar da ake ajiye wa dabbobi, yana shinshinawa yana yamutsa fuska. Ya ce wa Baturen, da Turancinsa na tsofaffin malamai, an makara wajen yanka wannan, ta tsufa ta zama kara, tumaki ciki kawai za su cika. Baturen ya ce tun kakansa suke noma a nan. Kawu ya ce to tun kakansa ake makara. Mu muka shiga ba da haƙuri, su kuwa sun riga sun tsugunna suna murza ganye suna musu. Kafin mu bar wurin Baturen ya nuna masa wani gefe kusa da shinge ya ce, in ya isa, ga fili nan.

A nan ya fara noman ots, hatsin nan mai kama da alkama da mutanen ƙasar nan suke dama kunu da shi, suke kuma ba dawaki da tumaki. Kawu ba don ƙwayar yake nomansa ba, don ganyen ne. Sannu a hankali ya tara tumaki shida nasa na kansa a garken Baturen. Bas biyu yake hawa, sannan ya taka da ƙafa. Inna ta gaji da magana, ta koma ɗaura masa abinci a kwano.

Ni a unguwar Levenshulme ta Manchester nake, injiniyan hanyoyi ne, kuma ina da wani hali da Kawu ya gano tun ina ƙarami: ba na jira a gama mini bayani. Da na ji rabin magana sai in ce na gane. Duk da haka ni yake kira in akwai aikin ƙarfi, don ba shi da ɗa namiji, taubashiyata kuma ta ce ita da taɓo sai dai a hoto. Ranakun Asabar nakan bi babbar hanyar M6 in same shi. Ba ya kirana da suna, sai dai "Injiniya", kuma yadda yake jan kalmar ya isa ka san ba yabo ba ne.

A ɗan ɗakin katako da yake ajiye kayan aiki akwai buhu biyu a kan benci, ɗaya an ɗaure bakinsa da jan zare, ɗaya da fari. Ya yi mini bayaninsu ya fi sau goma.

"Ots iri biyu ne, Injiniya, kamar gero da maiwa. Mai jan zare na hunturu ne. Makon ƙarshe na Satumba ake yafa shi, ƙasa tana da sauran ɗumi. Zai fito ya kwanta a ƙasa kamar marar lafiya, ka ce ba abin kirki zai yi ba, alhali saiwa yake yi. Sanyi ya zo ya bi ta kansa ya wuce. Watan Afrilu, lokacin da tumaki suka haihu ciyawa ba ta taso ba, shi ya riga ya yi kauri, shi zai ba su nono. Kowane mako ka makara, ka rage wa tumaki dami."

"Na gane, Kawu."

"Ba ka gane ba, ban gama ba. Mai farin zare na bazara ne, shi ne mai sauri. Maris ake shuka shi, a yanka a Yuli kafin ya tsufa, a shanya, a ajiye. Shi a tsaye yake fitowa, kamar kai, yana gaggawa."

Irin nan ba na kanti ba ne. Da farko dai saya ya yi, amma kowace shekara yakan bar layi ɗaya bai yanka ba har ya nuna, ya bi shi zangarniya-zangarniya yana zaɓen masu faɗin ganye da taurin kara. Ya kawo gida ya sussuke a baho a bayan kicin, Inna tana mitar ƙaiƙayi ya shiga mata kafet. Shekara tara yana wannan. Yakan zuba ƙwayar a tafin hannu ya nuna wa baƙi, ko sun tambaya ko ba su tambaya ba. Ya taɓa ce mini, "Ban gina gida a ƙasar nan ba, ban bar fili ba. Buhunan nan biyu su ne abin da na yi a Ingila."

Faɗansa da yawa, amma hannunsa a sake yake. Wani ɗalibi a Hulme, can Manchester, matarsa ta haihu, ba shi da kowa a ƙasar nan, labari ya zo kunnen Kawu ta wajen masallaci. Bai san yaron ba. Ya zaɓi rago mafi kyau a cikin nasa, ya sa aka kai mayanka, ya sa ni na kai naman har ƙofar ɗakinsu ranar suna. Ya ce in na kuskura na faɗi daga inda ya fito, kada in sake taka masa gona. Yau na faɗa, tunda ba ya nan balle ya kore ni.

A farkon Satumbar bara numfashinsa ya fara sarƙewa. Ya tsallake ganin likita sau biyu saboda yana gyaran ƙasa. Ina wurin ranar da taubashiyata ta tare shi a ƙofa yana ɗaura takalmi.

"Baba, appointment ɗin GP ne fa yau. Sau biyu ina rebooking. Zuciyarka ce, ba wasa ba ne."

"Likita yana nan har Disamba. Ƙasa kuwa ba za ta jira ni ba."

"To in ka faɗi a gonar fa? Wa zai gan ka, tumaki?"

"Su dai ba sa yi mini tsawa."

Ta shige ɗaki ta bugo ƙofa, shi kuma ya fita. Kwana biyar bayan nan aka ɗauke shi a motar asibiti.

Da na je duba shi, ya sa Inna ta ciro makullin ɗakin katako daga aljihun rigarsa. Ya danƙa mini, ya riƙe yatsuna da hannunsa mai sanyi.

"Na gama gyaran ƙasa, yafi kawai ya rage. Makon ƙarshe na watan nan. Wane buhu?"

"Mai jan zare, Kawu."

"Maimaita."

Na maimaita ina dariya, shi bai yi dariya ba. Ya juya ya kalli taga ya ce bana jikinsa yana gaya masa hunturun zai yi tsanani, tsuntsaye sun cinye 'ya'yan shinge da wuri.

Makon ƙarshe na Satumba ya zo, aiki ya riƙe ni a wata gada da muke gyara. Na ce Asabar mai zuwa. Asabar ta zo da ruwa kamar da bakin ƙwarya, na ce ta gaba. Ta gaba kuma yarinyata ba lafiya. Duk dalilai ne na gaskiya, amma na san da Kawu ne da ya je. Sai da Oktoba ta kusa ƙarewa na tsaya a gaban buhunan nan biyu, ni kaɗai, Baturen ma ya tafi kasuwar dabbobi.

A nan ne wayona ya ci ni. Na tuna kakarmu a ƙauye. Duk shekarar da ruwa ya makara, takan ce a bar iri mai nauyi, a ɗauko ɗan wuri, mai saurin nuna, don ya riga ɗaukewar damina. Kowane ɗan manomi a ƙasarmu ya san wannan, in ka makara sai ka shuka mai sauri. Na ce ai ga shi, na makara wata guda, mai jan zare jinkiri gare shi, mai farin zare zai kamo lokacin da na ɓata. Har wani daɗi na ji, na ce Kawu zai ga injiniya ma ya san noma. Ban tsaya na tuna cewa a gida ƙarewar ruwa ake gudu ba, a nan kuwa ruwa ba ya ƙarewa, abin da ke tafe daban ne. Na kwance farin zare. Filin hunturu ya fi na bazara girma, don haka na yafa har na zazzage buhun, na bi da manjagara na rufe.

Nuwamba ta zo da ɗumi. Mako uku da shuka na koma, na tarar da fili kore shar, tsiro ya miƙe ya kusa taƙi guda, iska tana kaɗa shi. Na ɗauki hoto na wuce asibiti kai tsaye ina fara'a.

Kawu ya sa tabarau. Ya karɓi wayar, ya buɗa hoton da yatsu biyu yadda jikarsa ta koya masa, ya matso da shi kusa da ido. Ya daɗe. Na'urar da ke gefen gadonsa tana ta ƙara ɗaya-ɗaya.

"Sun miƙe tsaye," in ji shi.

"Sosai, Kawu. Ƙasar ta karɓe su."

"Wane buhu ka buɗe, Injiniya?"

A daidai lokacin nan maganarsa ta dawo mini, cewa na hunturu kwanciya yake yi. Nawa kuwa ga shi a tsaye. Ga tsoho da robar iska a hanci, ga Inna zaune tana kallona. Na ji bakina ya ce, "Mai jan zare."

"To, madalla," ya ce. Ya miƙo mini wayar, ya cire tabarau ya rufe ido.

Daga ranar na zama mai kallon hasashen yanayi kamar wanda aka yi wa asiri. Na karanta duk abin da zan iya samu, kuma duk abu ɗaya suke faɗa: mai sauri yakan tsallake hunturu mai sauƙi, amma in ƙasa ta daskare kwanaki a jere, ya tafi. Na riƙa roƙon Allah Ya kawo gajimare da ruwa, ni da kullum nake zagin ruwan Manchester.

Farkon Disamba aka sallamo shi gida, aka sa masa gado a falo kusa da hita. Na same shi yana kallon mai bayanin yanayi, taswirar ƙasar duk ta koma shuɗiya daga arewa.

"Ga shi nan tafe," ya ce. "Amma mai jan zare ba ya tsoron wannan. Shi ka ce ka shuka ko?"

"Shi ne, Kawu."

Ya gyaɗa kai. Inna ta tashi ta shiga kicin.

Sanyin ya sauka a tsakiyar wata. Sama ta washe tas, babu gajimare ko ɗaya, rana tana fitowa ba ta da zafi. Kowace safiya ina kankare ƙanƙara daga gilashin mota a Levenshulme. Kwana takwas aka yi haka. Da ya saki na tafi gona. Tun daga shinge na ga babu sauran kore. Ganyen ya kwanta ya yi launin ruwan shayi, ya manne da ƙasa, yana wani wari kamar alayyafon da ya kwana a leda. Na ja ɗaya, ya taho ba gardama, saiwar ta yi baƙi. Tumakin Kawu shida, cikinsu ya fara nauyi, suka taso bakin shingen waya suna kallona, don sun saba duk wanda ya buɗe ƙofar nan da abinci yake zuwa.

Ganina na ƙarshe da shi ranar wata Lahadi ce da hantsi, a farkon Janairu. Ya ƙanƙance, muryarsa sai ka sunkuya. Ya sa taubashiyata ta fita. Ya ce in matso.

"Injiniya, babu abin da kake so ka faɗa mini game da gona?"

Wallahi saura kaɗan in faɗa. Na ce a raina, in na faɗa masa aikin shekara tara ya ruɓe a ƙasa, zuciyar nan za ta tsaya a gabana, ni na kashe shi. Haka na gaya wa kaina. Gaskiyar ita ce kunya nake ji, kuma ina tsoron yadda zai ja kalmar nan ta Injiniya.

"Babu, Kawu. Lafiya lau take."

Ya dube ni, irin kallon da yake yi wa ingiricin da aka makara wajen yankansa. Sannan ya ɗora hannu a kaina ya ce Allah Ya yi mini albarka, in gaida yara, in yi tuƙi a hankali. Ranar Alhamis ya cika.

Bayan addu'ar bakwai na je gona don in san yadda za a yi da tumaki. Na shirya in gaya wa Baturen komai. Bai bar ni na fara ba. Ya kai ni rumbu ya nuna mini ingirici an tara a gefe guda, an rufe da tamfol. Ya ce na tumakin Kawu ne, zai kai su har ciyawa ta taso. Na tambaye shi yaushe aka yi wannan shiri. Ya ce tun Nuwamba. Kawu ya kira shi daga gadon asibiti, ranar da na kai hoto, ya ce masa yaron ya shuka na bazara, ba zai kai Kirsimeti ba, a tanadi abinci. Ya kuma roƙe shi kada ya ce mini komai, wai ni zan faɗa da bakina.

Ban san yadda na tuƙa mota zuwa Perry Barr ba. Na tarar da Inna ita kaɗai a falo, an fitar da gadon, sawun ƙafafunsa huɗu yana nan a kafet. Na durƙusa, na faɗa mata abin da ya kamata in faɗa wa mijinta. Ta bar ni na gama, karo na farko a rayuwata da na kai ƙarshen magana ina fatan a katse ni.

"Ya sani," ta ce. "Sau uku ya buɗe maka ƙofa. Bayan tafiyarka ranar Lahadi ya ce mini, yaron nan ya fi jin kunyata a kan ya sauke kayan da ke kansa. Bai yi fushi da irin ba, ɗan nan. Ya yi kuka dai a kansa, ba zan ɓoye maka ba. Amma abin da ya fi damunsa, kai za ka zauna da wannan bayan ba shi."

Ta shiga ɗaki ta jawo buhu mai jan zare. Ashe Kawu ya sa taubashiyata ta ɗauko shi daga gona tun kafin sanyi, don kada laima ta kama shi. Ita ma ta sani ke nan, shi ya sa ta kasa kallona ranar jana'iza.

"Ya bar maka saƙo. Ya ce ya san halinka, Maris na yi za ka ɗauki wannan ka yafa don ka huce haushi. Ya ce kada ka kuskura, ba lokacinsa ba ne. Na bazara ka saya a kanti kamar kowa, nasa ya tafi. Wannan kuwa ka jira makon ƙarshe na Satumba, kuma ka bar layi ɗaya ya nuna. Ya ce shi kaɗai ya rage, babu na uku."

Buhun yana nan a gidana a Levenshulme, a kan kujera a ɗakin sama, nesa da bango saboda gidan yana da laima. Kowace safiya kafin in fita nakan zura hannu in shinshina, in duba ƙasan buhun ko ɓera ya taɓa. Na riga na ɗauki hutun makon ƙarshe na Satumba a wurin aiki, har mai gidana a ofis yana dariya wai ba a taɓa neman hutu da wuri haka ba. Tumaki biyar sun haihu, ɗaya ta yi ɓari. Ban sani ba ko da ɗanyen ganye da ba ta yi ba, kuma babu wanda zan tambaya.

Allah Ya jiƙan Kawu, Ya yalwata masa makwanci, Ya sa abin da ya ciyar da dabbobi da baƙi ya tarar da shi a can. Wanda ya karanta wannan ya sa shi a addu'a. Ni kuma a roƙa mini Allah Ya kai ni Satumba, Ya sa irin nan yana da sauran rai, don sau ɗaya kawai zan iya kwance jan zaren nan.